Daga ƙasan kai nake fara duba hoton MRI mai ƙarfi

Duk kamfanin da zai tallata injin MRI na ɗaukar hoton cikin jiki mai ƙarfin maganaɗisu tesla 7, yankin hoto ɗaya yake son nunawa: wanda ya ratsa tsakiyar kai, daidai kogunan ruwan ƙwaƙwalwa. A nan hoto yake fitowa tangaran, har ƙananan jijiyoyin jini ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ɗauka kuwa, yawanci lafiyayyen saurayi ne da ya saba kwanciya a cikin injin, ya iya haɗiye yawu ba tare da kansa ya motsa ba. Ni aikina saita tsarin hoton da za a yi wa marasa lafiya ne, kuma idan aka miƙo mini sabon tsari ba na ɓata lokaci a tsakiya. Ƙasa nake gangarawa in duba wurare uku: ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne, ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, da gindin goshi inda ƙwaƙwalwa ta zauna a kan kogunan iska na hanci. Tsarin da ya ba da hoto mai karantuwa a waɗannan wurare, a kan mutumin da jikinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ya cancanci a kai wa marasa lafiya. Wanda ya yi kyau a tsakiya kaɗai, kyan ɗan maciji gare shi, domin likita zai ga hoto tsaf ya saki jiki, alhali inda ciwon yake ya faɗa cikin duhu.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Kowane tesla ɗaya yana sa ƙwayoyin haidurojin na jiki su riƙa juyawa kimanin sau miliyan 42.6 a sakan. A tesla 1.5, igiyar rediyon da injin zai aika tana kan megahaz 64. A tesla 3 tana kan 128, a tesla 7 ta kusa 300. Sauri na hawa, tsawon igiyar na raguwa, kuma a cikin naman jiki ta fi gajarta sosai fiye da a iska. A tesla 3 tsawonta a cikin kai wajen santimita 26 ne, ya fi faɗin kan. A tesla 7 ya dawo wajen 12, bai kai faɗin kan babban mutum ba. Daga nan igiyoyin da ke shigowa ta kowane gefe sai su fara karo da juna a cikin ƙoƙon kai. Buga gefen baho mai ruwa ka gani: a tsakiya ruwan ke haɗuwa ya yi tsalle, wasu wuraren kuma ya kwanta lamo. Haka tsakiyar ƙwaƙwalwa ke samun igiya fiye da yadda ka nema, gefen kunne da ƙeya su tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma gadon da muka ci. An kafa injin tesla 7 na farko da mutum ke shiga a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1999, amma sai a watan Oktoba na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a duba marasa lafiya da Magnetom Terra na Siemens, shi ma kai da hannu da ƙafa kawai, kuma ga wanda nauyinsa ya wuce kilo 30. Na kamfanin GE ya biyo baya a 2020. Shekara 18 ke nan injin yana hannun masu bincike. Su suka rubuta yawancin tsare-tsaren da ke yawo tsakaninmu, don amsa nasu tambayoyin, da 'yan sa-kai masu haƙuri, babu layin mutane a bakin ƙofa. A Faransa ma har an kai tesla 11.7, injin Iseult da ya fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutum na farko a 2024. Su dai sai fatan alheri. Mu 7 ɗin ma ba mu gama shawo kanta ba.

Rashin daidaiton igiya ba ya cutar da kowane jeri daidai wa daida. Da jeri ina nufin kowane salon buga igiya da karɓar amsarta. Wanda ake kira GRE, mai karkatar da ƙwayoyin haidurojin da ƙaramar kusurwa, yana jurewa. Masu shan wuya su ne dangin sifin-eko, wato T2 da FLAIR, waɗanda likitocin hoto suka fi dogara da su, saboda sai bugu biyu sun cika daidai, na digiri 90 da na 180. Idan igiyar da ta isa wani wuri rabin wadda ka nema ce, 90 ta koma 45, 180 ta koma 90, siginar da za ta dawo daga wurin kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta yadda ya kamata. Kuma ba duhu kaɗai ba ne abin damuwa, bambancin da ke tsakanin lafiyayyen nama da mai ciwo shi ma sauyawa yake. Manhajar gyaran haske da ke cikin injin tana iya ɗaga wurin har ya yi daidai da sauran, sai dai abin da ta ɗaga rabinsa yashi ne, wato ɗige-ɗigen da ba daga jikin mutum suka fito ba. Don haka a kowane sabon tsari nakan sa a ajiye hoton da ba a gyara ba kusa da wanda aka gyara. A wanda ba a gyara ba ake sanin inda igiya ta isa da inda ba ta je ba.

Magani mafi sauƙi wasu 'yan matasai ne masu laushi, cike da garin kalsiyam taitanet da aka dama, waɗanda masu bincike a Laiden ta ƙasar Holan suka yi aiki sosai a kansu. Suna jawo igiya zuwa naman da ke kusa da su. Ana sa ɗaya a kowane gefe, daga saman kunne zuwa muƙamuƙi, wani lokaci na uku a ƙeya. Faɗa da baki sauƙi, sawa ce ke da aiki. Sai matashin ya kwanta a fata sosai. Idan abin rufe kunne mai kauri ya shiga tsakani, ko tarin gashi ya ɗaga shi, amfaninsa ya ragu. Kwalkwalin kai na tesla 7, wato na'urar da ake kifa wa kai mai aikawa da karɓar igiya, matsattse ne, mai babban kai idan an sa masa biyu ba ya rufuwa, dole in zaɓi gefen da ake zargin ciwon. Idan matashin ya daɗe a ajiye garin yana taruwa gefe ɗaya, don haka nakan murza shi a tafin hannu in baje shi kafin in sa. Kuma kafin injin ya auna ƙarfin igiya ake sawa, ba bayan ya auna ba, sannan matashin da kamfanin injin ya amince da shi kawai, domin yana sauya yadda zafi ke rarrabuwa a cikin kai.

Awon ƙarfin igiyar shi ma ba na bar wa injin shi kaɗai. Idan aka ƙyale shi, tsakiya ce ke rinjayar awon, inda igiya ta fi yawa, sai ya gamsu. Taswirar igiya ba ta cin minti guda, kuma ita ke nuna mini ko kan wannan mutumin ya yi mugun rami a gefen hagu. Idan tambayar likita a saitin kunne take, nakan ƙara ƙarfin aikawa kaɗan, in yarda tsakiya ta wuce kima. Duk jerin da ke fara da juyar da ƙwayoyi gaba ɗaya, ina zaɓa masa bugun adiyabatik, irin wanda da zarar igiya ta kai wani mataki yake juyar da komai daidai, ƙari ba ya ɓata shi. Cikakken maganin dai shi ne aikawa ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, galibi takwas, kowace da nata ƙarfi da nata lokacin bugu. Da can sai an ɓata mintoci ana lissafa wa kowane kai nasa, har masu bincike na cibiyar NeuroSpin a Faransa suka nuna a 2017 cewa bugu ɗaya da aka tsara daga kawuna da dama yana yi wa yawancin mutane aiki. Sababbin injuna sun fara zuwa da izinin amfani da wannan a asibiti. Mai tsohon inji kuwa, matashi da taswira ne jarinsa.

Duk ƙarin ƙarfin da ka yi, zafi ke biyan kuɗinsa. Igiyar rediyo tana ɗumama nama, ma'aunin wannan shi ne SAR. Ƙa'idar tsaron injin MRI ta duniya, IEC 60601-2-33, ta kayyade wat 3.2 a kowane kilo ga kai, a matsakaicin minti 6, sannan wat 10 a kowane kilo ga ɗan ƙaramin wurin da zafi ya fi taruwa, ko 20 a matakin da ke buƙatar sa idon likita. A lissafin takarda, daga tesla 1.5 zuwa 3 zafin ya ninka huɗu, daga 3 zuwa 7 ya sake ninkawa fiye da biyar. A aikace, abin da mai ɗaukar hoto ke gani wata 'yar taga ce da ke faɗowa a allo ana dab da fara jeri: ka wuce iyaka, ko ka rage yankuna, ko ka tsawaita TR, wato tazarar lokacin da ke tsakanin maimaita bugu, ko ka rage kusurwa. Mutumin da ke da layi a waje zai danna wanda ya fi kusa da yatsansa, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin na wanda ya gina jerin a bakin iyaka ne. Ni nakan bar tazara mai kauri, in gwada jerin da nauyin ƙaramin jiki da na babba, don tagar kada ta fito sam.

Hanyar rage zafi da kowa ya sani ita ce sauke bugun 180 zuwa 120. Zafin yana dawowa kashi 44 cikin 100, siginar da aka rasa kuma ba ta kai haka ba. A tesla 3 ban taɓa jinkirin yin haka ba. A tesla 7 kuwa gaba kura ce baya sayaki: 120 ɗin da ka rubuta, a ƙasan gefen kunne 60 ko 70 ce ke isa, wurin da dama ba shi da rarar da za a taɓa. Tsawaita bugun ninki biyu yana raba zafinsa biyu, amma tazarar da ke tsakanin amsoshi ta ƙaru, gefunan abubuwa su yi dishi-dishi. Jerin nan masu sauya kusurwa a hankali, da Siemens ke kira SPACE, GE ke kira CUBE, Philips ke kira VISTA, su suka fi sauƙin zafi, kuma da su nake gina yawancin abin da ake ɗauka dunƙule, wato kai gaba ɗaya ba yanki-yanki ba. Akwai kuma dabarun da ba sa cin komai: a raba jeri masu zafi, a sa mai sanyi irin GRE a tsakaninsu tun da matsakaicin minti 6 ake lissafawa, a cire bugun danne kitse inda babu wanda ya nema, a kuma ɗora mara lafiya a sikeli maimakon a tambaye shi nauyinsa.

Tagar nan ta zafi tana da wata ɓarna da ba kowa ke lura da ita ba, a FLAIR take. Aikin FLAIR shi ne kashe hasken ruwan ƙwaƙwalwa don tabon da ke kusa da shi ya fito. Ana juyar da ƙwayoyi, a jira daidai lokacin da siginar ruwan ta ratsa sifiri, sannan a ɗauka. Lokacin jiran, TI, a ɗaure yake da TR. A tesla 3, na yanki-yanki yakan tafi da TR milisakan 9000 da TI 2500, na dunƙule kuma TR 5000 da TI 1800. Ka taɓa ɗaya ba ka sake lissafa ɗayan ba, ruwan ba zai mutu ba. Zai fito da ɗan haske a tsakanin lanƙwasoshin ƙwaƙwalwa, kuma haske a wannan wuri shi ne abin da likita ke nema idan yana zargin zubar jini a ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. Danna maɓalli ɗaya don kauce wa zafi na iya kai mutum ga allurar ɗebo ruwan laka ba gaira ba dalili.

A tesla 7 FLAIR na da wata matsalar daban. T1, wato lokacin da ƙwayoyi ke ɗauka su farfaɗo bayan bugu, na ruwan ƙwaƙwalwa ya ɗan haura sakan 4 kuma bai cika sauyawa da ƙarfin inji ba, amma na naman ƙwaƙwalwa hawa yake. Farin nama yana wajen milisakan 830 a tesla 3, ya kai wajen 1200 a tesla 7. Ruwan tokan nama ya tashi daga wajen 1300 zuwa kusan 2000. Lokacin da ruwan ya mutu, naman bai gama farfaɗowa ba, hoton ya fito da ƙarancin sigina da gaurayayyen bambanci. Masu bincike a Yutrek, ita ma a Holan, sun fito da mafita a 2010, wato wani shirin share fage da ake sawa kafin juyarwa, kuma yana aiki. Duk da haka, idan aka tambaye ni FLAIR ɗin da zan fi amincewa da shi a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, a injin da ba shi da aikawa ta hanyoyi da yawa, na tesla 3 zan nuna, ko da ran masu sabon inji zai ɓaci.

Tsawon T1 ɗin nan shi ke hana a kwaso lambobin wani inji a zuba a wani. MPRAGE, jerin hoton T1 da Mugler da Brookeman suka ƙirƙiro a 1990, a tesla 3 kusan kowa na tafiyar da shi da TR 2300, TI 900, kusurwa digiri 9. Kai waɗannan lambobi tesla 7 ka ga yadda iyakar farin nama da ruwan toka ke dusashewa, ga hasken tsakiya ya rufe ido. MP2RAGE, da José Marques da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 daga Lozan ta Suwizalan, shi ya cece mu. Yana ɗaukar hoto biyu bayan juyarwa ɗaya, na farko wajen milisakan 800, na biyu wajen 2700, ya haɗa su ta hanyar da rashin daidaiton karɓa ke soke kansa. Abu biyu nake gaya wa duk likitan da zai fara karanta shi. Na farko, wajen kai da cikin kogunan iska suna fitowa da ɗige-ɗigen fari da baƙi, ba ciwo ba ne. Na biyu, a tesla 7 kwalkwalin kai ne ke aika igiya, babu babban na jiki, saboda haka jinin da ke taho daga wuya bai sha bugun juyarwa ba, jijiyoyin da ke kawo shi suna fitowa fari fat a hoton T1 tun kafin a yi allurar gadoliniyam mai haska jijiyoyi a hoto. Wanda bai sani ba sai ya rubuta abin da babu.

Sai batun ƙanƙantar ƙwayar hoto, wato ɗan ɗigon da ake harhaɗa hoto da shi, inda ake yawan saɓani tsakanina da likitoci. Tesla 7 tana ba da sigina fiye da ninki biyu na tesla 3, kowa kuma so yake a juye ta duka a kan ƙanƙanta. Lissafin ba ya da tausayi. Ƙwaya mai milimita 1 ta kowane gefe, idan ta koma 0.7, girmanta ya dawo kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan ta koma 0.5, kashi ɗaya cikin takwas, kuma maido da siginar da aka rasa ta hanyar maimaita ɗauka sai an ninka lokaci sau 64. Wani likita ya taɓa leƙowa ɗakin sarrafa inji da hoton wata mujalla a wayarsa, ya ce irin wannan yake so. Na ce, "Likita, wanne za ka ɗauka, rabin milimita a minti goma sha biyu ko 0.7 a minti shida?" Ya ce na farko mana. Na buɗe masa hoton wata mara lafiya mai rawar jiki da aka yi da dogon jerin: layuka sun zagaye ƙwaƙwalwar ciki da waje, ɓawon ya ninku biyu. Ya ƙura wa allo ido, ya ce, "To, a bar mini shidan, amma hifokamfas ban yarda a taɓa ba." Hifokamfas ɗan ƙaramin sashe ne a cikin ɓangaren saitin kunne. A kan haka muka tsaya, kuma ya yi gaskiya. Ƙwayar rabin milimita ba ta da ma'ana ga kan da ke gusawa milimita biyu, numfashi kansa yana girgiza filin maganaɗisun a tesla 7. Ni ba na son jeri ya wuce minti shida ko bakwai, in ba a wuri ɗaya da tambayar ta rataya a kansa ba.

Hanyoyin gaggauta ɗauka, SENSE na 1999 da GRAPPA na 2002, sun fi yin kyau a inji mai ƙarfi, kuma da su nake sayen lokaci. Ninki biyu ko uku ba matsala. Daga huɗu zuwa sama yashi ke taruwa a tsakiyar kai, nesa da kwalkwalin karɓa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu share yashi sun shigo, kuma ina amfani da su, sai dai ba na yarda da matakinsu mafi ƙarfi sai na gwada shi a kan hoton da na san akwai ɗan ƙaramin tabo a ciki, in ga ko ya tsira daga sharar.

Inda inji mai ƙarfi ya yi zarra babu musu shi ne duk abin da ya shafi ƙarfe da jini. T2*, wato lokacin da sigina ke ɗauka ta dusashe, yana gajarta, tsohon jini da jijiyoyin da ke mayar da jini suna yin baƙi ƙirin. A SWI, jerin da ke fito da jini da ƙarfe, lokacin jiran amsa, wato TE, da ke wajen milisakan 40 a tesla 1.5 ya koma 20 a tesla 3, a tesla 7 kuma wajen 12 zuwa 15 ya isa. Ka bar shi a 20 ko sama, gindin goshi ya ɓace gaba ɗaya, kowane ɗigo ya kumbura fiye da girmansa. A nan ake ganin 'yar jijiyar da ke ratsa tsakiyar tabon cutar MS mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da baƙin zoben da ke kewaye wasu tabban, alamomi biyu da aka shigar cikin ƙa'idojin McDonald na gano cutar a gyaran 2024. A nan kuma jijiyoyin nan sirara masu shiga can cikin ƙwaƙwalwa ke fitowa ba tare da allura ba. Faɗin zangon karɓa, wato faɗin saurin igiyoyin da injin ke saurara, shi ne kawai za a kula da shi: tazarar kitse da ruwa haz 220 ce a tesla 1.5, 440 a tesla 3, ta haura 1000 a tesla 7, don haka saitin da ke gusar da kitse ƙwaya ɗaya a ƙaramin inji zai gusar da shi kusan biyar a babba, kitsen fatar kai ya hau kan ɓawon ƙwaƙwalwa. Ninka faɗin yana cin kusan kashi 30 cikin 100 na sigina. Ina biya.

Hoton yaɗuwar ruwa, wanda ake gano shanyewar ɓarin jiki da shi, ba ya cin ribar kirki a tesla 7. Karkacewar da yake yi kusa da iska ƙaruwa take, T2 kuma ya gajarta. Mai sabuwar shanyewa ba shi da abin yi a wurin, haka mai ƙarfe a jiki da aka gwada a tesla 1.5 da 3 kawai, kuma su ne mafi yawa.

Teburin kansa yana cikin saiti. Ƙarfin maganaɗisu yana tura ruwan da ke cikin kunnen ciki, abin da masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana a 2011, shi ya sa wasu ke jin jiri, wasu ɗanɗanon ƙarfe a baki, musamman lokacin shiga da fita. Nakan shigar da tebur a hankali, in faɗa tun da wuri: "Baba, za ka ji kamar gadon yana lanƙwasa da kai gefe. Ba faɗuwa za ka yi ba, minti ɗaya ya wuce." Wanda aka gaya wa yakan kwanta lafiya. Wanda abin ya zo wa ba zato shi ke ɗago kai, kuma jerin farko ya tafi a banza. Saboda haka ba na sa jeri mafi muhimmanci a farko, ba na kuma kai shi ƙarshe lokacin da wuya ya gaji. Na biyu ko na uku nake ba shi.

Masu farfaɗiyar da magani ya ƙi ji su ne suka fi cin moriyar duk wannan wahala, kuma su ne gwajin da ya fi tsanani, domin ciwon nasu ya fi son ɓangaren saitin kunne, daidai inda igiya ba ta isa. A 2019 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta fitar da tsarin HARNESS: T1 da FLAIR na dunƙule masu milimita 1, da T2 mai ƙananan ƙwayoyi da aka yanka a gicciye da tsawon hifokamfas. Kwamitin masu tesla 7 ya fitar da nasa a 2021, ya ƙara jerin T2* a kan waɗannan. Abin da nake jaddada wa masu ɗauka shi ne kusurwar yankan nan. Idan an karkace, hifokamfas na dama da na hagu ba za su fito a mataki ɗaya ba, ɗaya ya yi kamar ya ƙanƙance. Sannan idan matashi ɗaya kawai aka iya sawa, a rubuta gefen, domin bambancin haske tsakanin dama da hagu shi ne ainihin abin da likita ke farauta.

Da zarar tsari ya zauna, nakan kulle shi, in sa masa lamba da kwanan wata, kuma babu mai sauya shi daga kujerar ɗauka. Magungunan cutar mantuwa ta Alzaima irin lecanemab, wanda ya samu cikakkiyar amincewa a Amurka a 2023, sun sa wannan ya zama dole. Suna iya jawo kumburi da ƙananan ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, don haka ake maimaita MRI ana ƙirgawa. A babban gwajin maganin ba a ɗauki wanda ɗigonsa ya wuce huɗu ba tun farko. Bayan an fara, sababbi huɗu ko ƙasa da haka mataki mai sauƙi ne, biyar zuwa tara matsakaici, goma zuwa sama mai tsanani, kuma a kan waɗannan lambobi ake yanke shawarar ci gaba ko dakatarwa. Yawan ɗigon da za ka gani kuwa ya danganta da ƙarfin inji, da TE, da kaurin yanki, da ko GRE ka yi ko SWI. Mutumin da aka ƙirga masa uku a tesla 1.5 da GRE, a kai shi tesla 3 da SWI bayan wata biyu a ga takwas, wataƙila babu ko ɗaya sabo, amma a takarda ya shiga matsakaicin mataki, a dakatar masa da magani. Idan takardar neman hoto ta zo da sunan irin wannan magani, abin da nake fara yi shi ne buɗe hoton farko in karanta lambobinsa, in mayar da mutumin kan injin da aka fara da shi, da jerin da aka fara da shi, ko da sabon injin da ke ɗakin gaba babu kowa a kansa.